Tsaga ta Uku a Kuncin Hagu

Bandar ne ya sa wa Mish'al abin a kai, wata uku kafin aikin Hajji. Suna zaune a wani shagon gahawa a unguwar Aziziyya ta Makka, inda 'yan ƙungiyarsu ta masu sha'awar ɗaukar hoto suke haɗuwa duk Asabar. Bandar ya karɓi kyamarar Mish'al yana tura hotunan da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ko tsayawa ba ya yi. Tantabaru a bakin titi. Wani direba yana barci a inuwar bas. Tiren shinkafa da nama. Dutsen da ke bayan Kudai. Hannun wata tsohuwa tana tsinke ganyen na'ana'a.

"Wannan ba aikin mai hoto ba ne," in ji Bandar da Larabci, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Wannan baƙala ce, kantin unguwa. Ga madara, ga sabulu, ga batir, duk a kanta ɗaya."

Aka yi dariya. Bandar ne shugaban ƙungiyar, kuma shi zai zaɓi hotunan da za a rataye a baje kolin da suke shiryawa bayan Hajji.

"Ka zaɓi abu ɗaya, ya ahi, ɗan'uwana. Wancan gine-gine yake ɗauka, wancan tsuntsaye, ni fuskoki. Kowa a nan an san shi da wani abu. Kai da me aka san ka?"

Da wata magana ce daban, da Mish'al ya watsar da ita kafin ya kai gida. Amma wannan ya sha jin ta tun ran da ya ajiye jakar makaranta a aji biyu na sakandare ya ce ba zai koma ba. Ya yi wankin mota, ya yi shagon lemo, ya yi gyaran waya, yanzu kuma yana tsara shiga da fitar bas-bas a tashar Kudai. Duk inda ya bari sai babansa ya girgiza kai ya ce, "Kai dai ba ka iya zama wuri ɗaya ba." Kyamarar nan ita kaɗai ce ya riƙe shekara uku bai yar ba, ga shi ita ma an ce bai zauna wuri ɗaya a cikinta ba.

A fusace ya zaɓa, tun bai tashi daga kan kujerar ba. Gine-gine. Gini ba ya motsi, ba ya rufe fuska, ba ya ce maka goge wannan na fito da muni. Nan take suka yi musayar adasa, wato gilashin bakin kyamara. Mish'al ya ba Bandar ƙaramar adasarsa mai fito da fuskar mutum tas, ya karɓi wata mai faɗin gani wadda take haɗiye bene sukutum da sararin da ke kansa. Bandar ya ce ya kawo hotuna goma ranar zaɓe, Asabar ta biyu bayan Arfa.

Wata uku ya yi yana bin benaye da gadoji da bakin ramukan mota da aka fasa cikin duwatsu. Idan mutum ya shigo masa hoto sai ya yi tsaki ya jira ya wuce. Ya tara tara da yake alfahari da su, duk a cikin katin kyamarar, domin ba shi da kwamfutar da zai juye su. Saura ɗaya.

Ana cikin haka Tsoho ya zo aikin Hajji.

Tsoho ƙanen kakar Mish'al ne, Mairama, wadda duk gidan suke kira Sitti. Tana da shekara bakwai iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Gobir, suka bi ta Chadi da Sudan, shekara huɗu a hanya, suka iso Makka ba su koma ba. A gida suka bar yayarta Rumasa'u da wannan ƙanen nata a hannun kakarsu. Shekara sittin da biyar ke nan. Saƙo dai yana zuwa yana komawa ta hannun alhazai, da wasiƙa, daga baya kaset, amma ido bai ga ido ba sai bana. Rumasa'u kuwa tsufa ya hana ta tafiya. Ita ce ta ce wa Tsoho kada ya dawo mata da dabino ko carbi, hoton Mairama take so, su biyu tare.

Sitti ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Jikokinta mata sun yi magiya har sun gaji. Takan ce fuskar da ta shiga waya ta zama ta 'yan kasuwa, kowa sai ya taɓa. Amma ran nan bayan la'asar ta sa atamfar da Tsoho ya kawo mata, ta hau saman benen gidansu na haya a Kudai tana hutawa a kowane hawa, ta sa aka kulle ƙofar saman, sannan ta cire niƙabi.

"Sau guda," ta ce da Mish'al. "Kuma ba da waya ba. Da wanga baƙin abin naka."

"Sitti, ni fa yanzu na daina ɗaukar mutane."

"To ɗauki dabbobi. Ga mu nan mu biyu."

Tsoho ya yi dariya har hularsa ta goce. "Ƙyale shi, Mairama. Balarabena ya zama babban ma'aikaci. Kai, mijin tsohuwa, in ba ka iyawa ka hwaɗi, in auri matar taka in tahi da ita."

"Ai yayarka ce, Kaka."

"Kai dai ɗauki hoto."

Suka zauna kan darduma kusa da katanga, kafaɗa da kafaɗa. Mish'al ya ɗaga kyamara, sai ya ga abin da ke bayansu. Rana ta karkata, ta zuba wani ruwan zinariya a jikin dogon benen agogo, duwatsun Makka sun yi baƙi a ƙarƙashinsa, ga layin rufin gidaje ya tafi a karkace kamar da gangan aka shirya shi. Wata uku yana neman irin wannan hasken. Ya ja da baya. Ya ƙara ja. Ya ja har bayansa ya daki tankin ruwa a can ƙarshen benen. A cikin gilashin, tsofaffin biyu sun koma 'yan ɗigo a ƙasa, daidai abin da ake buƙata don mai kallo ya san girman agogon. Zuciyarsa ta ce masa ga na goma.

"Ba ka matsowa?" in ji Tsoho.

"Kyamarar tana jawo ku, Kaka."

Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Ya danna sau uku. Sitti ta ce a nuna mata, ya ce allon ƙarami ne, ta bari sai an wanke babba. Ta mayar da niƙabinta, aka buɗe ƙofa.

Shagon wankin hoto ya cika da alhazai, sai ranar Asabar da hantsi ya samu nasa, ranar da Tsoho zai tashi. Da ya iso gida da ambulan, Tsoho ya riga ya zo sallama ya tafi, domin shugaban ayarinsu ya kira kowa ya koma masauki a Aziziyya. Bas zai ɗauke su zuwa filin jirgin Jidda da an idar da azahar. An bar wa Mish'al saƙo ya kai masa hoton can.

Sitti tana zaune a falo, idanunta sun yi ja saboda kukan rabuwa. Ta miƙa hannu.

"Kawo in gani tukuna."

Ya zaro hoton yana jin daɗin kansa. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Ta karɓa ta kawo shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya shi wajen taga. Ta daɗe.

"Ina nike a nan?"

Ya nuna mata da yatsa. Yatsan ya rufe su duka biyu.

"Wanga ɗigon?"

"Sitti, ki dubi hasken. Irin wannan hoton ba kowa..."

"Mi kay yi mani, Mish'al?"

Ba ta ɗaga murya ba da farko, kuma wannan ya fi tsorata shi. Sai ta jefar da hoton kan kafet, ta dafa gwiwa ta miƙe tsaye, abin da takan ɗauki minti guda tana yi, yau a bugu ɗaya.

"Agogo! Agogo za a kai ma Rumasa'u! Ita ta ce maka ba ta san lokaci ba? Na hau bene hawa huɗu da wagga ƙahwa, na buɗe huskata da ban taɓa buɗe ma ƙarfe ba, kai kuma ka tahi can wurin tanki kana ɗaukar ginin mutane!"

"Ai kuna ciki! Ga ku nan!" Shi ma ya hasala, domin ya fi sauƙi ya hasala. "Na gaya miki na daina ɗaukar mutane, kika ce dole. Kowa a gidan nan sai ya ce ba na tsayawa kan abu ɗaya, yau na tsaya, kuma laifi ne?"

"Rufe mani baki, ya walad, kai yaro! Zo nan. Zo nan na ce!"

Ta cafko hannunsa ta manna yatsunsa a kuncinta na hagu. Fatar tana da laushi, amma ya ji layuka a ƙarƙashin yatsunsa, tsagar Gobirawa da ta taso daga gefen baki ta nufi kunne.

"Ƙidaya. Ta hwarko. Ta biyu. Ta ukku, ka ji ta? Ka ji yadda ta karkace ta bar 'yan uwanta?"

Ya ji. Ta ukun ta fara daidai, sai ta goce sama kamar an ture hannun mai yi.

"Ina jaririya wanzami yana yi mani aska, Rumasa'u na da shekara shida. Ta ji ina kuka, ta ruga ta ja ƙahwata wai za ta ƙwace ni. Aska ta goce. An yi mata dukan da har yau ba ta manta ba. Kowace kaset ta aiko sai ta ce, Mairama, tsagata tana nan? Tata ce, ita ta yi ta. Ta ce ma Tsoho, murya kowa na iya yi, in dai Mairama ce ka kawo mani kuncin hagu in gani kahin in mutu. Shi ne kai ka ba ta agogo."

Mish'al ya janye hannunsa.

"Ba wanda ya gaya mini."

"Sai an gaya maka? Shekara ashirin da huɗu kana cin tuwon hannuna, ba ka taɓa duban huskata ba. Ko ka ɗauka ban sani ba, lokacin da kake makaranta, in na zo ɗaukarka sai ka ce in tsaya nesa, kar in ɗaga niƙabi ko a wurin mata, don kar yaran Larabawa su ce kakarka mage ta yakushe ta?"

Wannan ya shige shi fiye da mari. Ya duba agogon bango. Sha ɗaya da rabi ta wuce. Ya duba kyamarar da ke rataye a wuyansa, da ƙatuwar adasar Bandar a bakinta. Da wannan, idan ya matsa kusa da fuska, hanci zai kumbura, kunci ya miƙe ya lanƙwashe, tsagar da ke daidai ma sai ta fito a karkace. Adasar da za ta yi aikin tana jakar Bandar. Ya tsinci hoton daga kan kafet ya mayar cikin ambulan.

"Sa abayarki, Sitti."

"In je ina?"

"Aziziyya. Yalla, mu tafi, don Allah, ki zage ni a mota."

Ta kuwa zage shi a mota. Tun daga Kudai har suka shiga ramin dutse suka fito, ba ta huta ba. Ta zagi kyamarar, ta zagi wanda ya sayar masa da ita, ta zagi agogon da wanda ya ɗora shi. Shi kuma yana zagin duk motar da ta tsaya a gabansa, yana dukan sitiyarin tsohuwar motar babansa. Titunan cike suke da bas-bas masu kwashe alhazai. A gaban shagon gahawar ya taka birki, ya bar ta a ciki da injin a kunne, ya ɗauki ambulan ya shiga.

Yau ce ranar zaɓe, sai a lokacin ma ya tuna. An haɗa tebura biyu, 'yan ƙungiya sun kewaye kwamfutar Bandar.

"Ga mutumin gine-gine!" in ji Bandar. "Kawo katin mu gani."

"Ba ni adasata."

"Wace adasa?"

"Tawa. Ƙaramar. Ga taka." Ya murɗe ta daga kyamarar ya dangwarar a kan tebur har kofuna suka yi ƙara.

Bandar ya jingina da kujera yana murmushi. "Wata uku kacal? Na faɗa muku ba zai kai ba. Ya ahi, matsalarka ke nan, ba ka da haƙuri. Mai fasaha na gaskiya sai ya..."

"Bandar, ba lacca na zo ji ba. Kakata tana mota, ƙanenta zai hau jirgi, ina da minti ashirin."

"Hoton iyali? To ka ɗauka da waya mana, kamar kowa. Don wannan za ka watsar da aikin wata uku?"

A waje aka danna hon. Ba a saki ba. Sitti ce ta miƙo hannu daga kujerarta ta kwanta a kansa, duk titin ya juyo yana kallo.

Mish'al ya wurga ambulan ɗin gaban Bandar. "Ga abin da shawararka ta haifa. Ka ce in zaɓi abu ɗaya, na zaɓa, na tsaya a gaban mace mai shekara saba'in da biyu ina kallon siminti. Kai ka faɗa, ni kuma jakin da ya ji. Ba ni adasata ko in juye jakar nan a ƙasa, wallahil azim."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Bandar ya buɗe jaka ya miƙa masa. "In ka fita da katin nan ba ka cikin baje koli. Yau nake rufewa."

Mish'al bai ko juyo ba. Hon ɗin bai tsaya ba sai da ya buɗe ƙofar mota.

"Ka daɗe," in ji Sitti.

A gaban masaukin alhazan, bas uku ne a jere, an gama loda jakunkuna. An idar da salla, mutane suna ta hawa, maza da mata duk cikin atamfa iri ɗaya ta ayarinsu. Rana tana tsakiyar ka, irin hasken da ke mayar da idon mutum rami biyu baƙaƙe a hoto. Mish'al ya bi tagogi yana leƙe yana kiran "Kaka Tsoho!" har ya same shi a bas na biyu, ya riga ya zauna da jakar hannu a cinya. Direban kuwa Abdulilah ne, wanda kullum Mish'al yake ba shi layi a tashar Kudai.

"Abdulilah, minti goma."

"Ko ɗaya babu. Jirgi ba ya jiran kakan kowa."

"Sau nawa na tsallakar da kai layi kana makara? Sau nawa?"

Abdulilah ya yi tsaki ya duba agogon hannunsa. "Biyar. In ta cika zan tafi, ko da ƙafarsa ɗaya a ƙasa."

Tsoho ya sauko yana tambayar ko lafiya. Sitti ta ba shi amsa da kalma uku, "Agogo ya ɗauka," Tsoho ya dubi Mish'al, wasan da ke fuskarsa kullum ya ɓace. Mish'al ya gwammace a ce ya zage shi.

Ya tsayar da su a gefen bas ya ɗaura adasar. "Sitti, ɗaga niƙabin."

Ta dubi direbobi, ta dubi masu ɗaukar kaya, ta dubi mazan da suka leƙo ta tagogi, wasu har sun fito da wayoyi.

"A nan? Cikin maza? Ka haukace?"

"Minti huɗu ya rage!"

"Ko rabin minti ne. Ban yi ba ina yarinya, ba ni yi da tsuhwa."

"To me kike so in yi? In kori Aziziyya duka?" Ya ji kamar ya rotsa kyamarar da ƙasa. Ya taho da gudu, ya yi faɗa da Bandar, ya roƙi direba, ga su tsaye su biyu a gabansa, kuma ƙyalle ɗaya ya tare komai.

Wata mata mai jiki da ke bakin ƙofar bas, wadda 'yan ayarin suke kira Hajiya Mujahida, ta tambayi Tsoho abin da ake ciki. Ya gaya mata a gurguje. Ta juya ta buga tafi.

"Ke Hajiya, ke da ke, ku sauko! Ku kawo zannuwan da ke jakar hannu. Maza kuma kowa ya mayar da wayarsa aljihu ya dubi gabansa, ba sinima ake ba!"

Kafin Mish'al ya gane me ake yi, mata shida sun zagaye su, kowace ta ɗaga zane da hannu biyu, gefe ya haɗu da gefe, suka yi ɗaki a tsakiyar titi. Hajiya Mujahida da wata doguwa suka shimfiɗa farin mayafi a sama don rana. A ciki daga Sitti sai Tsoho sai shi.

Sitti ta ɗaga niƙabi.

Hasken da ya ratso farin mayafin ya sauko a hankali, ba inuwa mai kaifi, ba ƙyalli. Mish'al ya sa ido a kyamara. "Kaka, matso da fuskarka. Sitti, juya kaɗan, ba ni hagu. Haka." Fuskoki biyu suka cika gilashin, ba agogo, ba dutse, ba sama. Tsaga iri ɗaya a kumatu biyu, ta Tsoho a jere kamar an auna, ta Sitti kuma ga ta ukun nan ta goce ta nufi sama ita kaɗai. Gumi ya bi ta cikinta ya gangaro. Sitti ba ta yi murmushi ba, har yanzu a fusace take, ta zuba wa gilashin ido kamar za ta fasa shi.

Ya danna. Ya sake dannawa. A waje Abdulilah ya fara hon.

"Nuna mani," in ji Sitti. "Yanzu, ba sai an wanke ba."

Ya juya mata allon, ya ƙara girman kuncin. Ta kai yatsa ta taɓa gilashin daidai kan tsagar. Tsoho ya leƙa ya ce, "Ita ce. Wallahi ita ce."

Mish'al ma ya kalla, daƙiƙa biyu ko uku. Bai taɓa ɗaukar abu mai kyan wannan ba, kuma ya sani.

"Kaka, ba ni lambar wani a gida, in tura..."

"Ba ta waya ba," in ji Sitti tana sauke niƙabi. "Na hwaɗa maka tun hwarko."

"To ta yaya? Ba lokacin wankewa!"

"Kai ka sani. Kai ka ɓata na hwarko."

Hon ya ƙara tashi. Matan suka fara sauke zannuwa suna rugawa bas. Mish'al ya tsaya da kyamara a hannu. Hanya ɗaya ce, kuma ya gan ta sarai. Ya buɗe gefen kyamarar ya zaro katin. Benaye tara suna ciki, da gadoji, da wata uku na tashi da asuba da yawo cikin rana, ba su da kwafi a ko'ina. Ya ciro takardar da ke aljihunsa ya naɗe katin, ya danƙa a tafin Tsoho ya rufe masa yatsu.

"Ka kai shagon hoto a Sakkwato. Ka ce biyun ƙarshe, su wanke babba, babba sosai. Sauran duk gine-gine ne, kada su ɓata takarda."

Tsoho ya cire hularsa ya sa ƙunshin a cikin naɗinta ya mayar kai. Ya riƙe hannun yayarsa, sai Abdulilah ya fara jan bas, Mish'al ya tura tsohon ciki ƙofa tana rufewa.

Suna hanyar komawa Kudai wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Bandar. Ya danna, muryar ta cika motar.

"Ya ahi, na buɗe ambulan ɗin. Wannan hoton bala'i ne! Hasken, da 'yan mutanen nan biyu a ƙasa, su suka ba shi rai. Ka ga abin da nake gaya maka? Ka manta da faɗan, zan sa shi ko shi kaɗai ne. Wane ɓangare zan rubuta maka, gine-gine ko?"

"Mi yac ce?" in ji Sitti, ko da yake ta ji sarai.

Mish'al ya danne maɓallin mayar da amsa da ƙarfi har farcensa ya yi fari. "Kada ka rataye shi. 'Yan mutanen nan biyu suna da suna. Gobe zan zo in karɓi abina. In kuma dole sai ka rubuta mini ɓangare, rubuta baƙala." Ya jefa wayar kujerar baya.

Danja ta tsayar da su kusa da tasha. A gefen titi wani mai shara ya jingina tsintsiyarsa da bango, yana zuba wa tantabaru ruwa a murfin bokiti, ɗaya ta hau kan takalminsa. Hannun Mish'al ya kai kan kyamara da kansa. Ya ɗaga, ya daidaita, ya danna. Allon ya rubuta masa cewa babu kati.

Ya yi wata ashar da Larabci a ƙasan maƙoshi.

"Na ji ka," in ji Sitti. "Kuma an ba ka hannu tun ɗazu. Ja mota, ƙahwata na ciwo."